Shin karanta wa 'yan firamare littafi cin lokacin darasi ne?

Tambaya: Ni malamar aji uku ce a firamare. Kullum nakan ware minti 15 in karanta wa ɗalibaina labari a bayyane, su kuma suna saurare. Shugaban makarantarmu ya ce lokacin darasi nake ci, tunda yaran ne ba su iya karatu ba, su ya kamata a riƙa sawa su karanta. Shin akwai amfani na gaske a abin da nake yi, ko in daina?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Kada ki daina. Minti 15 ɗin nan suna cikin lokutan da suka fi albarka a yinin yaran, muddin an tafiyar da su yadda ya kamata. Sai dai kada ki yi watsi da maganar shugabanku gaba ɗaya, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma zan zo kanta.

Abin da muke kira iya karatu aiki biyu ne a haɗe. Na farko, ido ya ga haruffa, yaro ya haɗa baƙi da wasali, ya fitar da kalma. Na biyu, ya gane abin da kalmomin da jimlolin suke faɗa. A 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka tsara wannan a matsayin lissafi: fahimtar rubutu ita ce iya fitar da kalma sau fahimtar harshe. Ki lura, sau suka ce, ba tarawa ba. Idan ɗaya ya zama sifili, amsa sifili ce, ko da ɗayan ya kai maƙura. Ke da kanki za ki iya gwadawa. A ba ki jarida cikin harshen da ba kya ji, amma an rubuta shi da haruffan da kika sani. Za ki furta layi bayan layi, in an tambaye ki me aka ce kuma ki rasa abin faɗa. Yara da yawa haka suke a gaban littafin ajinsu. Shugabanku aikin farko yake kallo. Karatun da kike yi musu kuwa na biyun yake ginawa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi, saboda ba a ganin girmansa a rana ɗaya.

Dalilin da ya sa ba za a bar yaro ya gina wannan ɓangaren da karatun kansa ba shi ne, kunnensa ya yi wa idonsa nisa ƙwarai. Yaro ɗan shekara 8 ya shafe rayuwarsa duka yana jin magana, amma haruffa bai wuce shekara biyu ko uku da saninsu ba. Binciken da Thomas Sticht da abokan aikinsa suka tattara a Amurka ya nuna cewa a tsakaici, abin da yaro yake iya fahimta ta ji yana gaban abin da yake iya fahimta ta karatu har wajen shekara 12 ko 13, sannan su biyun su daidaita. Wato duk tsawon firamare kunne ne a gaba. To, dubi littattafan da ɗan aji biyu ko uku yake iya karantawa shi kaɗai: gajerun jimloli, kalmomin da ya sani tun kafin ya shigo makaranta, labarin da bai wuce shafi biyu ba. An yi su haka da gangan, don ya samu damar motsa hannu a haɗa baƙi, kuma sun dace da aikinsu. Amma babu sabon harshe a cikinsu. Idan su kaɗai ne rubutun da yaro yake haɗuwa da shi, zai yi shekaru tunaninsa yana jiran idonsa ya kamo shi. Idan kika ɗauki littafin da ya fi ƙarfin idonsa amma bai fi ƙarfin kunnensa ba, kin ɗauke masa nauyin haɗa baƙi na ɗan lokaci, hankalinsa duka ya koma kan ma'ana.

Wani zai ce, ai magana ake yi da yara daga safe har dare, me littafi zai ƙara? A nan nake so mu ɗan tsaya, don a nan ne amsar tambayarki take. Harshen littafi daban yake da harshen hira. Idan muna zaune wuri ɗaya, ina iya cewa "miƙo min wancan", ki gane, saboda kin ga inda na nuna. Fuska tana taimako, hannu yana taimako, abin da muka sani tare yana taimako. Marubuci ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dole ya kira kowane abu da sunansa, ya siffanta shi, ya faɗi wanda ya yi, da lokacin da aka yi, da dalili. Shi ya sa rubutu yake cike da kalmomin da ba kasafai ake jin su a hira ba. A 1988 Donald Hayes da Margaret Ahrens suka ƙirga wannan a Ingilishi. Suka duba yawan kalmomin da ba a cika amfani da su ba cikin kowace kalma 1,000. A littattafan yara suka samu kusan 31. A shirye-shiryen talabijin na manya da ake nunawa da yamma, kusan 23. A hirar mutanen da suka gama jami'a, kusan 17. Littafin da aka rubuta don yara ya fi hirar masu digiri yawan baƙin kalmomi. Alƙaluman na Ingilishi ne, amma dalilin da ya haifar da su yana nan a kowane harshe da ake rubutawa.

Ginin jimla ma haka. Ki ɗauki wannan: "Yaron da kare ya biyo ya faɗi." Ki tambayi ƙananan yara wa ya faɗi, za ki samu waɗanda za su ce kare, don shi suka ji na ƙarshe. Irin wannan jimla mai wata jimla a cikinta, da irin su "duk da cewa", "sakamakon haka", "in ba don", "a ɗaya ɓangaren kuma", su ne kayan aikin littattafan kimiyya da tarihi da tambayoyin jarrabawa. A filin wasa ba a magana da su. Yaron da kunnensa ya saba da su tun yana aji ɗaya, ranar da ya ci karo da su a rubuce ba za su zame masa baƙi ba.

Akwai gwajin da nake so kowane malami ya sani, wanda Warwick Elley ya yi a ƙasar Niyu Zilan, aka wallafa a 1989. Aka karanta wa yara 'yan shekara 7 da 8 labari guda sau uku cikin mako ɗaya, aka auna sanin da suka yi wa wasu kalmomi masu wuya na cikin labarin kafin karatun da bayansa. Azuzuwan da malami ya karanta kawai, bai yi bayanin komai ba, sun ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100. Azuzuwan da malami ya riƙa ɗan tsayawa yana bayanin kalmomin a taƙaice sun ƙaru da kusan kashi 40. Da aka sake gwada su daga baya, kalmomin suna nan ba su zube ba, kuma yaran da suka fara da ƙarancin kalmomi sun ƙaru kamar yadda sauran suka ƙaru. Saurare kaɗai yana koyarwa, amma ɗan bayanin malami ya ninka ribar fiye da sau biyu. Wannan bambancin shi ne bambancin malamin da yake karatu don cike lokaci da wanda ya shirya.

Bayan kalmomi akwai sanin duniya, wanda mutane ba su cika haɗa shi da karatu ba. Marubuci ba ya faɗin komai da komai, yana barin giɓi da zaton mai karatu zai cike da abin da ya riga ya sani. Idan aka rubuta cewa matafiya sun ga hadari ya haɗo sai suka juya jirgin ruwansu zuwa gaɓa, ba a faɗi dalili ba. Wanda ya san abin da iska take yi wa jirgi a tsakiyar ruwa ya gane nan take. Wanda bai sani ba ya furta kalmomin daidai, ma'anar ta wuce shi. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba ɗalibai 64 a Amurka wani rubutu kan besbol, wani wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda. Masu raunin karatu da suka san wasan sosai sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimtar rubutun da tuna abin da ke cikinsa. Saboda haka ina roƙonki, kada ki tsaya kan ƙagaggun labarai kaɗai. Ki karanta musu yadda ruwan sama yake samuwa, yadda ƙudan zuma suke rayuwa, yadda jini yake zagaya jiki, tarihin mutanen da suka yi abin kirki. Yara suna son sanin gaskiyar abubuwa fiye da yadda muke zato, kuma wasunsu, musamman waɗanda labari bai cika ɗaukar hankalinsu ba, a nan ne za ki ga sun miƙe zaune. Idan kika jera littattafai uku ko huɗu kan batu guda cikin makonni biyu, ya fi ki yi ta tsalle daga wannan batu zuwa wancan, domin kalmomin za su riƙa dawowa, kowane littafi yana share wa na gaba hanya.

Ajin da kike koyarwa yana da muhimmanci na musamman a wannan lissafin. Marigayiya Jeanne Chall, wadda ta koyar a Jami'ar Harvard, ta daɗe tana nuna cewa wajen aji huɗu ne karatu yake sauya fuska: kafin nan yaro yana koyon karatu ne, daga nan kuma ana sa ran ya yi amfani da karatu ya koyi sauran darussa. A binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a 1990 kan yaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi, sun ga yaran suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauran a aji biyu da uku, daga aji huɗu kuma suka fara zamewa baya, kuma inda rauni ya fara bayyana shi ne sanin ma'anar kalmomi. Haɗa baƙi bai gagare su ba. Littattafan ne suka fara magana da harshen da ba wanda ya taɓa yi musu magana da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kalmomin da ɗalibanki za su buƙata baɗi da bayan baɗi, yau ne lokacin zuba musu su a kunne. Kuma matsalar ba ƙarama ba ce a duniya. Bankin Duniya da hukumomin da suka yi aikin tare sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Ma'aunin ya haɗa da fahimta, furtawa kaɗai ba ta fitar da yaro.

Idan harshen da ake koyarwa da shi a makaranta ba shi ne yaran suke yi a gida ba, buƙatar ta ƙara ƙarfi, domin aji ne kaɗai inda za su ji wannan harshen a cikakkun jimloli masu ma'ana. Elley ɗin nan, tare da Francis Mangubhai, sun yi wani aiki a makarantun karkara na ƙasar Fiji, inda yara suke koyon Ingilishi a matsayin harshe na biyu, aka wallafa a 1983. Aka zuba wa 'yan aji huɗu da biyar littattafan labarai masu jan hankali kusan 250 a kowane aji. A wasu azuzuwan malami yana karantawa tare da yaran suna tattaunawa, a wasu kuma yaran suna karatun zuci. Bayan wata 8, ci gabansu a fahimtar karatu da fahimtar saurare ya kai ninki biyu na abin da aka saba gani. Dina Feitelson da abokan aikinta kuma sun gwada da yara Larabawa 'yan ajin share fage, waɗanda Larabcin gidansu ya bambanta da Larabcin littafi. Da aka riƙa karanta musu labarai da Larabcin littafi kullum na tsawon watanni, sai suka fi takwarorinsu fahimtarsa da iya ba da labari da shi. Ana yawan cewa irin wannan harshe ya yi wa yara nauyi, a jira su girma. Wannan aikin ya nuna jin sa ne yake rage nauyin.

Muryarki ma darasi ce. Yaron da bai taɓa jin gwanin karatu ba yana zaton karatu shi ne furta kalma ɗaya bayan ɗaya da murya guda. Daga bakinki zai ji inda ake ɗan dakatawa a waƙafi, inda ake sauke murya a aya, yadda tambaya take tashi, yadda maganar mai fushi ta bambanta da ta mai roƙo. A harshen da ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubuce, kamar namu, wannan ya ƙara zama dole, tunda ma'anar jimla ce take gaya wa mai karatu yadda zai furta wasu kalmomin. Ana kuma ambaton ƙaruwar natsuwa da tausayin juna, kuma duk malamin da ya ga aji ya yi tsit saboda halin da wani a cikin labari ya shiga ba zai musa ba. Ba zan daɗe a kansu ba, don auna su ya fi wuya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yaron da ke bayan aji, wanda karatu yake ba wuya. Duk haɗuwarsa da littafi kunya ce: a kira sunansa, ya miƙe, ya yi ta in-ina, a yi dariya, ya zauna. Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda wannan yake zama zagaye. Wanda ya iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, sai ya ƙara ƙwarewa. Wanda bai iya ba yana gudun littafi, sai tazarar ta yi ta faɗi shekara bayan shekara. Lokacin da kike karanta musu shi ne lokaci ɗaya tak da wannan yaron yake daidai da kowa. Ya ji abin da na gaban aji ya ji, yana iya ɗaga hannu ya faɗi ra'ayinsa, kuma sau da yawa shi ne zai ba da amsar da ta fi zurfi. A nan yake gano cewa akwai abin so a cikin littafi, kuma yaro ba ya jure wahalar koyon abin da bai ga amfaninsa ba. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun sa malamai 20 su karanta cikakkun littattafan labari biyu masu ɗan nauyi, ɗaya bayan ɗaya, cikin mako 12, da ɗalibai 365 'yan shekara 12 zuwa 13, ba tare da yawan tsayawa ana yanka littafin gunduwa-gunduwa don aikin rubutu ba. A tsakaici, a gwajin fahimta ɗaliban sun samu ci gaban da aka saba samu cikin kimanin wata 8 da rabi, masu rauni kuwa na kimanin wata 16. Waɗannan sun wuce firamare, amma ki lura da waɗanda suka fi cin riba: su ne waɗanda aka saba hana su manyan littattafai, a ba su guntaye masu sauƙi.

Yanzu ga inda shugabanku yake da gaskiya. Sauraren labari ba ya koya wa yaro haɗa baƙi. Ko shekara goma za ki yi kina karanta masa, in ba a zaunar da shi an nuna masa sautin kowane harafi da yadda ake haɗa su ba, yawancin yara ba za su tsinci wannan da kansu ba. Mary Ann Evans da Jean Saint-Aubin a Kanada sun bi motsin idon ƙananan yara da na'ura yayin da ake karanta musu littafi mai hotuna, a 2005, suka ga kusan duk lokacin hotuna suke kallo, rubutun kuwa da ƙyar ido yake sauka a kansa. Kwamitin da aka kafa a Amurka don tantance binciken koyar da karatu ya tabbatar a rahotonsa na 2000 cewa koyar da haruffa da sautukansu bi da bi, cikin tsari, yana da tasiri ƙwarai, musamman a azuzuwan farko. Har akwai binciken Linda Meyer da abokan aikinta na 1994, wanda ya ga azuzuwan share fage da suka fi ɓata lokaci a karatun labari ba su fi ba a gwajin karatu, sun ma kasa, kuma bayanin da ya fi dacewa shi ne labarin ya cinye lokacin koyar da haruffa. Ko shahararren rahoton nan na 1985 na kwamitin da Richard Anderson ya jagoranta, wanda masu goyon bayan karanta wa yara suke yawan kafa hujja da shi, ya auna kalmominsa. Cewa ya yi karanta wa yara a bayyane shi ne aiki mafi muhimmanci wajen gina ilimin da yaro yake buƙata don ya yi nasara a karatu daga baya, kuma ya kamata a ci gaba da shi a duk azuzuwa. Bai ce shi kaɗai ya isa ba. Don haka idan a ajinki akwai yaran da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi da wasali, suna buƙatar nasu lokacin daban, kullum, kuma karatun labari ba zai maye gurbinsa ba.

Amma in abin da shugaban yake nufi shi ne a ɗauki littafi guda, kowane yaro ya miƙe ya karanta sakin layi ɗaya a zagaya aji, to a nan ba na tare da shi. A aji mai yara 50, kowa zai samu ƙasa da minti ɗaya yana karatu. Sauran lokacin yana ƙirga layi don ya gano inda zai faɗo masa, ko ya riga ya wuce nasa ya saki hankali. Abin da kunnensu yake sha kuma karatu ne mai tuntuɓe, labarin ya tarwatse. Idan ana son yara su karanta da bakinsu, kuma ya kamata su karanta, gara a haɗa su bibbiyu suna karɓa-karɓa, ko ki karanta jimla su maimaita suna bin rubutun da yatsa, ko su sake karanta ɗan rubutu guda sau da yawa har ya zauna a bakinsu.

Game da yadda za ki ƙara wa minti 15 ɗinki albarka, abu na farko kada ki buɗe wa yara littafin da ba ki riga kin karanta ba. A karatunki na shiri ne za ki san inda labarin yake juyawa, inda zai rikita su, da kalmomin da za ki tsaya a kai. Biyu ko uku sun isa a zama guda. Isabel Beck da Margaret McKeown sun ba da shawarar da na ga tana aiki: a bar kalmomin da kowa ya sani, a bar waɗanda ba a haɗuwa da su sai a fanni guda, a kama na tsakiya, waɗanda suke yawo a littattafai iri-iri, irin su "takaici", "jajircewa", "tsokaci", "sassauci". Bayanin ya zama numfashi ɗaya, da kalmomin yara: "Ya yi takaici, wato ransa ya ɓaci don abin da ya sa rai bai samu ba." Sai ki ci gaba. Bayan an gama ne za a dawo kan kalmar, su faɗe ta, su ba da misali daga rayuwarsu, ke kuma ki riƙa jefa ta a maganarki cikin makon.

Tambayoyi su ne inda malamai da yawa suke rage wa abin daraja. "Mene ne sunan yarinyar?" amsarsa kalma ɗaya ce, ba ta motsa tunani. "Me ya sa ta ɓoye wasiƙar?" ko "Me kuke gani zai faru in mahaifinta ya sani?" su ne suke sa yaro ya haɗa abin da ya ji da abin da ya sani. Aikin Grover Whitehurst na 1988 da ƙananan yara ya nuna cewa harshen yaro ya fi bunƙasa idan babba ya mai da karatun hira, yana tambaya, yana karɓar amsa, yana faɗaɗa ta. A babban aji ki ce kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi, cikin rabin minti, sannan ki ɗauki amsa biyu. Ta haka kowa ya yi magana, har da masu kunya. Wani lokaci kuma ki yi tunani a fili su ji: "Nan na ɗan rikice, wa ake nufi da 'shi'? Bari in koma baya." Yara da yawa ba su san cewa gwanin karatu ma yana komawa baya ba. Sai dai kada tsayawar ta yi yawa. Sau uku ko huɗu ya isa, in ya wuce haka zaren labarin zai tsinke, kuma daɗin labarin ne yake riƙe da komai. A gwajin Elley ma, labarin da bai kama zuciyar yaran ba, kalmomin da suka ɗauka daga cikinsa sun yi kaɗan. Idan littafin mai hotuna ne, ki fara karanta shafin kafin ki nuna hoton, don kada su amsa daga hoto su bar kalmomi.

Ƙarancin littattafai kada ya karya miki gwiwa. Maimaitawa ba asara ba ce: a ji na farko yaro yana bin abin da ya faru, a na biyu da na uku ne yake samun sararin lura da kalmomi. 'Yan aji uku kuma sun isa a fara musu dogon littafi mai babi-babi, a tsaya a inda rai yake son jin ci gaba. Ki bar littafin a inda hannunsu zai kai bayan kin gama, za ki ga har masu rauni suna ɗauka, don sun san abin da ke ciki. Kada ki mai da wannan lokacin ya zama jarrabawa, kada kuma ki soke shi don horon aji in sun yi surutu. Yaron da ba ya iya zama shiru, a bar shi ya yi zane yana ji. Wanda kike zargin ba ya ji sosai, ki matso da shi gaba.

Shi kuma shugabanku, hujjar da za ta fi gamsar da shi daga ajinki za ta fito. Ki nuna masa a jadawali cewa haɗa baƙi da karatun yara da bakinsu suna da nasu lokacin, wannan bai taɓa shi ba. Sannan ki zaɓi kalmomi 10 daga littafin da za ki fara, ki tambayi yara shida ma'anarsu, biyu daga masu ƙoƙari, biyu matsakaita, biyu masu rauni, ki rubuta abin da kowa ya ce. Bayan mako biyu ki sake tambayarsu, ki kuma sa kowannensu ya ba da labarin da bakinsa. Ki kai masa takardun biyu, ki gayyace shi ya zauna a bayan aji rana ɗaya ya ji irin amsoshin da masu raunin suke bayarwa.